Kana shan maganin hawan jini amma ya ƙi sauka, kuma kana minshari? Ga yadda zaka bi diddigin abin

Akwai mutanen da zaka ga suna shan maganin hawan jini kala biyu, wasu ma kala uku, ba sa tsallake rana, sun rage gishiri har abinci ya daina yi musu daɗi, amma duk sanda aka ɗaura musu abin awo sai lambar sama ta fito 150 ko 160, likita ya ƙara ƙwaya, a dawo bayan wata guda shiru kamar an shuka dusa. Toh da yawa daga cikin irin waɗannan mutanen cikin dare ake musu ɓarnar, lokacin da su kansu ba su san inda kansu yake ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan ciwon mai ɗakin ne yake zama na ƙarshen sani, wanda yake kwana kusa da shi ne yake jin komai.

Ciwon da nake nufi shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci, likitoci suna ce masa silif afniya. Idan mutum ya yi barci duk naman jikinsa saki yake yi, har da na maƙogwaro da harshe da can bayan ganɗa. A wajen yawancin mutane hanyar iska tana nan a buɗe duk da haka, amma wanda tasa hanyar dama matsattsiya ce, ko saboda kitse a wuya ko babban harshe ko ƙaramar haɓa da ta ja baya ko manyan tansil, wato ƙulluttan naman nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, sai naman ya zubo ya rage hanyar. In raguwa ta yi iska zata dinga wucewa da ƙyar tana kaɗa naman, wannan shi ne minsharin da ake ji. In kuwa ta toshe gaba ɗaya sai ka ji tsit, ƙirji na ta fama yana ja amma ba abin da yake shiga, daƙiƙa 10, daƙiƙa 20, wani har ya haura minti ɗaya, can sai ka ji ya yi wani gurnani ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya juya ya ci gaba da minsharinsa. Da safe ka tambaye shi zai rantse maka barcinsa lafiya lau ya yi, kuma ba ƙarya yake ba, farkawar ta 'yan daƙiƙu ce ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ta.

Yanzu ina ruwan wannan da hawan jini? Duk lokacin da numfashi ya tsaya, iskar oksijin da ke cikin jini tana yin ƙasa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata a fitar tana taruwa, ita kuwa ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka wani ne ya shaƙe ka, nan take ta sa a sako sinadaran firgici irin su adirenalin, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau fal a cikin 'yan daƙiƙu. Da sau ɗaya ne ba komai. Amma ka lissafa wanda abin ke faruwa da shi sau 30 a awa ɗaya, ya yi barcin awa 7, kaga sau 210 kenan a dare guda, kullum, shekara da shekaru. Jikin da ake razanawa haka sai ya saba da zama a razane, gari ya waye rana ta take amma jijiyoyin ba su saki ba, shikenan hawan jinin dare ya zama na rana.

Sannan lafiyayyen mutum jininsa yana sauka cikin barci da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, wannan ne hutun da zuciya da jijiyoyi suke samu. Mai wannan ciwon sau da yawa baya samun saukar nan, wani ma nasa hawa yake yi da dare. Ƙoda ma tana shiga cikin maganar, akwai wani sinadari aldosteron da ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ana yawan samunsa da yawa a jikin masu hawan jinin da baya jin magani, kuma ruwan da ya taru a ƙafafu da rana, da ka kwanta sai wani ɓangarensa ya gangaro wuya ya ƙara matse hanyar iskar. Kaga kowanne cikin ciwukan biyu yana hura wutar ɗan uwansa.

Ba hasashe ba ne wannan. A jihar Wiskonsin ta Amurka an bi mutum 709 tsawon shekara 4, aka fitar da sakamakon a shekarar 2000, aka ga waɗanda numfashinsu ke tsayawa ko raguwa sau 15 ko fiye a awa sun kusa ninka waɗanda nasu numfashin baya tsayawa ko raguwa ko kaɗan sau uku wajen samun hawan jini, bayan an cire lissafin ƙiba da shekaru da shan taba. A 2001 kuma a Toronto ta Kanada aka gwada mutum 41 masu hawan jinin da ya gagari magunguna, kashi 83 cikin ɗari aka same su da ciwon. Daga 2003 jagorar likitocin Amurka ta hawan jini ta saka shi cikin jerin sanannun dalilan da ya kamata a bincika. Kuma abin ba na 'yan tsiraru ba ne, ƙiyasin da aka wallafa a 2019 ya ce mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya, miliyan 425 daga ciki nasu matsakaici ne ko mai tsanani.

Fara da wanda kuke kwana tare

Kafin wata na'ura, kafin asibiti, ka tambayi mai ɗakinka ko duk wanda kuke raba ɗaki, kuma don Allah ka tambaya ba da faɗa ba, domin maza da yawa da an ce suna minshari sai su hau musu kamar an zage su. Ke kuma uwargida in kin lura kada ki tsaya kan cewa yana hana ki barci, ki faɗa masa abin da kika gani dalla-dalla. Abin da ake so a sani: ƙarfin minsharin, shin ana jinsa ta bayan ƙofa a rufe, shin yana yankewa ya yi shiru sannan ya dawo da shaƙuwa ko gurnani, shin ya fi tsanani in ya kwanta rigingine. In da hali ki ɗauki waya ki naɗi sautin na minti goma ko sha biyar, ko ma bidiyo yadda za a ga ƙirji na motsi amma babu sautin iska, wallahi wannan ɗan naɗin yana yi wa likita amfani fiye da dogon bayani, kuma shi kansa mai abin in ya ji da kunnensa gardama ta ƙare. Wanda yake kwana shi kaɗai ya kunna naɗar sauti a waya ya ajiye kusa da filo.

Daga nan ka duba kanka da rana. Tashi da ciwon kai wanda ke washewa bayan awa ɗaya ko biyu, bushewar baki da maƙogwaro da safe, ka yi barcin awa takwas amma ka tashi kamar an yi maka duka, gyangyaɗi a wurin zama ko a taro ko gaban talabijin, mantuwa, saurin fushi, raguwar sha'awa ko ƙarfin namiji. Akwai alama ɗaya da mutane ke kaiwa wani wajen daban, wato tashi fitsari sau biyu sau uku cikin dare, sai a ce siga ce ko mafitsara, alhali jan da ƙirji ke yi a kan toshasshiyar hanya yana sa zuciya ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta zubar da ruwa. Mata kuma su kula, nasu sau tari baya zuwa da wannan ƙaton minsharin, ya fi zuwa da rashin barci da kasala da ciwon kai da ƙuncin rai, kuma yana ƙaruwa bayan al'ada ta ɗauke. Mai ciki da ta fara minshari mai ƙarfi ta faɗa a wajen awo, domin yana da alaƙa da hawan jinin ciki. Kuma siriri ma yana samu, kar wani ya ce ai ni ba ni da teɓa.

Akwai tambayoyi takwas da aka tsara a Jami'ar Toronto a 2008, sunansu STOP-BANG, zaka iya yi wa kanka yanzun nan. Kana minshari mai ƙarfi? Kana yawan gajiya ko jin barci da rana? An taɓa ganin numfashinka ya tsaya? Kana da hawan jini ko kana shan maganinsa? Ma'aunin ƙibarka ya haura 35, wato ka raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita, abin da ya fito ka sake raba shi da tsayin? Ka haura shekara 50? Kewayen wuyanka ya kai santimita 40 ko fiye, tef ɗin tela ma ya isa ka auna? Namiji ne kai? Kowane eh maki ɗaya. Daga 0 zuwa 2 haɗarin kaɗan ne, 3 zuwa 4 tsaka-tsaki, 5 zuwa 8 babba. Ka lura namiji mai hawan jini da ke minshari ya riga ya ci uku tun bai auna komai ba. Wannan ba ya tabbatar da ciwo, yana dai nuna wa ya kamata a tura gwaji.

Awon jini a gida, amma a yi shi daidai

Nan ne mutane suka fi kwafsawa. Ka samu na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu, kuma ka tabbatar maɗaurin ya yi daidai da damtsenka, domin ƙaramin maɗauri a kan babban damtse lambar ƙarya yake bayarwa, ya nuna jinin ya fi yadda yake, gashi kuma masu wannan ciwon da yawa masu jiki ne. Ka yi fitsari tukuna, kar ka sha kofi ko taba ko ka yi motsa jiki minti 30 kafin awon, ka zauna minti 5 ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai saitin zuciya, ba magana ba danna waya. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin ka sha magani da kuma dare kafin ka kwanta, kwana 7 a jere, ka rubuta duka a takarda har waɗanda ba su yi maka daɗi ba. Ka watsar da na ranar farko ka fitar da matsakaicin sauran. A gida 135 bisa 85 ko sama da haka shi ne hawa, a asibiti kuma 140 bisa 90 yawancin ƙasashe ke amfani da shi.

Abin da zaka sa wa ido musamman shi ne na safe. In kullum na safiya ya fi na dare hawa, ko lambar ƙasa ce ke yawan tashi alhali kai ba tsoho ba ne, ka ja layi a ƙarƙashinsa ka nuna wa likita. Akwai kuma na'urar da ake ɗaura wa mutum awa 24 tana auna shi da kanta har cikin barci, ita ce ke nuna ko jinin na sauka da dare, matsakaicin dare da ya kai 120 bisa 70 ana ɗaukarsa hawa ne. In ana samunta inda kake ka nema, takura gareta amma dare ɗaya ne.

In ka taɓa ganin 180 bisa 120 ko fiye tare da ciwon ƙirji, ko numfashi da ƙyar, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ka ajiye duk wannan lissafin a tafi asibiti a lokacin.

A gaban likita

Kar ka jira ya tambaye ka yaya barcinka, sau da yawa layi ya yi tsawo ba zai tambaya ba. Kai zaka buɗe maganar, ka ce ina minshari, an ga numfashina na tsayawa, ga naɗin, ga awon kwana bakwai, ga makin da na ci. Ka tafi da duk magungunan da kake sha a leda, har na ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac domin suna ɗaga jini, da na mura masu buɗe hanci, da na barci. In kana shan kala uku cikakken awo, ɗaya daga ciki mai sa fitsari, kuma jinin bai sauka ba, wannan shi ake kira hawan jini mai taurin kai, ka tambaya kai tsaye ko za a yi maka gwajin barci, a duba ƙoda da aldosteron ma.

Gwajin iri biyu ne. Akwai wanda zaka kwana a asibiti a manna maka wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, akwai kuma ƙaramar na'urar da zaka tafi da ita gida. Ta gida ta wadatar ga mafi yawan masu alamomi bayyanannu, sai dai tana iya rage lissafi, in ta ce lafiya kalau amma alamomi na nan a sake na asibiti. Sakamakon lamba ce da ake kira AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa: ƙasa da 5 lafiya, 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Agogon hannu da ke auna oksijin zai iya sa ka zargi, amma ba zai maye gurbin gwajin ba.

Maganar magani, da gaskiyar abin da zai yi maka

Babban maganin shi ne na'urar sifaf, ana rubuta ta CPAP, wani likita Colin Sullivan ne ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya aka wallafa aikin a 1981. Ɗan injin ne da ke turo iska ta tiyo zuwa takunkumin hanci ko hanci da baki, iskar ta tokare maƙogwaro kar ya rufe. Ba oksijin ba ce, iskar ɗaki ce kawai da ɗan ƙarfi. Wajen kashe minshari da gyangyaɗi aikinta kamar yankan wuƙa, wasu daren farko suke jin bambanci. Wajen hawan jini kuwa gara in faɗa maka yadda abin yake kar ka sa rai da yawa, a matsakaici lamba 2 zuwa 3 take saukarwa, ta fi yin tasiri ga masu taurin kan hawan jini da masu ciwon mai tsanani da kuma waɗanda suke sakawa da gaske. Lamba uku kamar ba komai, amma a jijiyoyin da ke aiki dare da rana tsawon shekaru ba abin rainawa ba ce, musamman da yake na dare take fi gyarawa. Wani babban gwaji mai suna SAVE da aka wallafa a 2016 bai ga raguwar kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba ga masu amfani da ita, amma fa a matsakaici awa 3.3 kacal suke sakawa a dare, ni a ganina wannan ya fi nuna wahalar jure na'urar. Awa 4 shi ne mafi ƙarancin da ake nema, duk daren ya fi, domin barcin mafarki ya fi yawa wajen asuba kuma a cikinsa numfashin ya fi tsayawa, wanda ke cire ta ƙarfe biyu ya bar mafi munin lokacin a buɗe.

Don haka kar ka kuskura ka ajiye ƙwayoyinka don ka samu na'ura. Ka ci gaba da awo a gida, in lambar ta sauka likita ne zai rage.

Sati biyun farko su ne masu wuya. Ka dinga saka takunkumin da rana kana zaune na minti ashirin ko talatin har fuska ta saba. In iska na tsiyaya tana hura maka ido, ko yana cin karan hanci, a canza girma ko samfuri, ba ɗaure shi tamau ne gyaran ba. In hanci na bushewa a kunna ɓangaren ruwan da ke jiƙa iskar. In ƙarfin iskar na hana ka barci akwai saitin da ke farawa a hankali ya dinga ƙaruwa. A wanke takunkumi da tiyo da sabulu mara ƙarfi a kai a kai, a canza matatar. Da yawa waɗanda suka jefa ta ƙarƙashin gado matsalarsu ƙarama ce da za a gyara a zama ɗaya.

Wanda nasa mai sauƙi ne ko matsakaici, ko ya kasa jure sifaf sam, akwai abin da likitan haƙori ke ƙerawa daidai bakinka, ka saka da dare ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan. Tiyata kuma sai in akwai abin da ake gani ƙuru-ƙuru ya tare hanya, kamar manyan tansil, wanda shi ne ya fi yawa a yara.

Rage nauyi shi ne abin da ke dukan ciwukan biyu lokaci guda. A wancan binciken na Wiskonsin an ga ƙarin kashi 10 na nauyi yana tafiya da ƙarin kusan kashi 32 na AHI, raguwar kashi 10 kuma da raguwar kusan kashi 26, kaga mai kilo 100 in ya sauke 10 ya yi aiki babba ko da bai zama siriri ba. A Disambar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar tirzepatide ga masu ƙiba da ke da wannan ciwon matsakaici ko mai tsanani, amma wannan sai da likita. Tafiya da sauri ta minti 30 mafi yawan kwanakin sati tana taimakawa ko sikeli bai motsa ba, kuma tana rage taruwar ruwa a ƙafa ga mai wuni a zaune. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. Giya da ƙwayoyin barci da magungunan ciwo masu ƙarfi irin su tramadol da kodin suna ƙara sakin maƙogwaro kuma suna danne farkawar da ke ceton mutum, masu haɗari ne sosai ga mai wannan ciwon. Taba tana kumbura hanyar iskar. In naka ya fi tsanani a rigingine ka koyi kwanciyar gefe, ka tokare bayanka da dogon filo ko a ɗinka aljihu a bayan rigar barci a saka ƙaramar ƙwallo, sannan a ɗan ɗaga wajen kan gadon.

Sai maganar tuƙi. In ka taɓa yin gyangyaɗi a kan sitiyari ko da na ƙiftawar ido ne, ko ka iso wuri ka kasa tuna yadda ka wuce wani yanki na hanyar, ka ba wani mota har sai an yi gwajin an fara magani, kuma ka faɗa wa likita wannan tun a zaman farko domin yana sa a gaggauta maka. Haka in za a yi maka wata tiyata ko wace iri ce, ka sanar da mai ba da allurar barci cewa kana da ciwon ko ana zarginsa, in kana da na'ura ka tafi da ita asibitin.